Tambayi Likita: yaron da ya warke daga kansa, ƙari zai iya fito masa a ƙwaƙwalwa bayan ya girma?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun watan jiya da muka taɓo maganar kansar yara saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, wasu har da hotunan takardun asibiti ake turo min tsakar dare, toh na ware guda biyar da naga duk abu ɗaya suke kewayawa, wato me ke biyo baya idan yaro ya sha magani ya warke ya girma. Kamar yadda muka saba na ɓoye sunaye, na kuma rage tsawon wasu saƙonnin.

TAMBAYA: Salam likita Allah ya ƙara basira. Ɗana na biyu yanada shekara 4 aka gano kansar jini ce ke damunsa, babansa ya saida fili da gonar gadonsa muka tafi Masar muka zauna wata da watanni, sukai masa kimo, wato ruwan maganin kansa, da allurar gadon baya sannan suka gasa masa kai da na'ura, Alhamdulillah ya warke tas yanzu shekararsa 19 yana aji biyu a jami'a. Sai rannan ƙanwata da take aikin jinya tace min wai waɗanda aka gasa musu kai suna yara ƙari na fito musu a ƙwaƙwalwa daga baya, wallahi likita tun ranar ban sake bacci mai daɗi ba, ko kansa naga ya dafa sai gabana ya faɗi. Kuma shi bai ma san kansa yayi ba, ce masa mukai ciwon ƙarancin jini ne. Dan Allah gaskiya ne? Maman Abba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Abba, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka muku ke da babansa. Ƙanwarki ba ƙarya tayi ba amma rabin maganar ta kawo miki, kuma rabin magana shi ke hana bacci.

Abinda ke jawo wannan ƙari ba kansar da yaron yayi bace, gashin da aka yiwa kan ne. Hasken na'urar yana kashe ƙwayoyin kansa amma kafin ya isa garesu sai ya ratsa lafiyayyen nama, toh a cikin lafiyayyun ƙwayoyin da ya ratsa akan samu wata ta ɗan lalace bata mutu ba, tana nan kwance shekara goma, ashirin, har talatin sannan ta fara toho. Iri biyu muka fi gani. Na farko sunansa maninjiyoma, shi ba daga cikin ƙwaƙwalwar yake tsirowa ba, daga tantanin da ya lulluɓeta yake fitowa, tantanin nan dai da sanƙarau ke kamawa lokacin zafi. Yawancinsa ba kansa bane, baya yaɗuwa jiki, girma yake a hankali ya riƙa danne abinda ke kusa dashi, kuma sau da yawa ana yin tiyata a cire mutum ya cigaba da harkarsa, duk da dai wanda gashi ya haifar ya fi son fitowa fiye da ɗaya kuma ya fi saurin dawowa bayan an cire. Na biyu shine giliyoma, wannan daga naman ƙwaƙwalwar kanta yake, shine mugun, ba zan ɓoye miki ba yana da wuyar magani, sai dai bai kai na farkon yawa ba.

Ga alƙaluma. A Amurka akwai wani babban bincike da ya daɗe yana bin diddigin waɗanda suka warke daga kansa suna yara, asibitin yara na St. Jude dake Memphis ne ke jan ragamarsa. A 2006 suka fitar da rahoto kan mutum 14,361, a cikinsu 116 ne suka samu sabon ƙari a ƙwaƙwalwa ko laka, 66 maninjiyoma, 40 giliyoma, sauran wasu iri. Giliyoma tafi bayyana wajen shekara 9 bayan ciwon farko, maninjiyoma kuwa wajen shekara 17, kuma waɗanda aka gasa suna ƙasa da shekara 5 sun fi shiga haɗarin giliyoma. Kinga Abba ya shekara 15 da gashi, ya wuce tsakiyar lokacin da mugun yafi fitowa, ba wai an rufe ƙofar bane amma dai abin a gode Allah ne. Wanda ya rage a sa masa ido na dogon zango shine maninjiyoma dan shi haɗarinsa baya raguwa da shekaru, ƙaruwa ma yake. A 2017 wannan binciken dai ya duba waɗanda aka gasa musu kai kaɗai, aka ga zuwa shekara 40 da haihuwa kusan 6 cikin 100 sun samu maninjiyoma. A ƙasar Holan nasu lissafin ya fi haka, wajen 12 cikin 100 bayan shekara 40 da ciwon farko, su kuwa waɗanda ba a gasa musu kai ba 3 cikin 1000 kacal. Ki juya lissafin Maman Abba, ko da mun ɗauki mafi munin alƙalamin, 88 cikin 100 maninjiyoma bata fito musu ba.

Wani abin mamaki ma, ba a kan masu kansa aka fara gane wannan ba, a kan makero ne. Tsakanin 1948 da 1960 a Isra'ila an riƙa gasa kan yara masu makero da hasken esre dan sumar ta zube a samu a yi maganin, lokacin ba a da ƙwayar da muke badawa yanzu, yara wajen dubu goma da ɗari takwas. Da aka bi bayansu sai rahoton 1988 ya nuna maninjiyoma ta ninka musu kusan sau goma in aka kwatanta da sa'anninsu, alhali gashin da aka musu ɗan kaɗan ne, wajen 1.5 a ma'aunin da ake ce masa Gire, wanda a takarda zaki ga an rubuta Gy. Yaran kansar jini kuwa a da 24 ake basu, aka rage zuwa 18, wasu 12, har a 2009 likitocin St. Jude ɗin suka nuna ana iya warkar da kansar jinin yara ba tare da an gasa kai ba sam, allurar gadon baya da kimo mai ƙarfi sun isa. Kada wannan yasa kiji haushin likitocin da suka duba Abba, akwai yaran da ciwon ya riga ya shiga ruwan ƙwaƙwalwa ko yake da taurin kai, kuma gashin nan shi ya fara ɗaga yawan yaran dake rayuwa tun shekarun 1960, kafin nan ciwon ɓuya yake a ƙwaƙwalwa inda kimo baya kaiwa sosai ya dawo ya kashe yaro.

Yanzu aikinki biyu ne. Ki tono akwatin da kika adana takardun Masar ki nemo wadda aka rubuta nawa aka gasa, wane waje, da sunayen magungunan, ki yi mata hoto da waya ki tura wa kanki da babansa, dan takarda a gidajenmu in gara bata ci ba damina zata ci. In ta ɓata ku rubuta wa asibitin da lambar katinsa ku nemi taƙaitaccen bayanin jinya.

Na biyun shine mai nauyi, ki faɗa masa. Na san dalilin ɓoyewar, tausayi ne da gudun bakin mutane, amma Abba ba yaro bane yanzu, ɗan shekara 19, kuma abin nan in zai zo ba lallai ya zo kina kusa ba, wataƙila yana wajen bautar ƙasa a wata jiha ko yana da iyalinsa, ya je asibiti da ciwon kai likita ya tambayeshi ka taɓa wani babban ciwo yace a'a ƙarancin jini ne kawai, sai a bashi farasitamol da maganin maleriya a sallameshi. Da zai ce an gasa min kai ina shekara 4, Gire kaza, wallahi duk likitan da ya san aikinsa zamansa ma sai ya gyara. Alamomin da zai riƙe su ne ciwon kai sabo da ya ƙi tafiya musamman mai tsanani da asuba ko mai zuwa da amai, farfaɗiya ko suma a mutumin da bai taɓa yi ba, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, gani ya ragu ko ya riƙa ganin abu bibbiyu, ji ko jin ƙamshi ya ɗauke, tafiya da tangaɗi, ko halinsa ya canza haka kawai. Sau ɗaya a shekara ya ga likita a duba shi ko da lafiyarsa lau, a haɗa da maƙoƙo dan shima hasken na'urar yana taɓa shi.

Maganar ko a riƙa yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI duk shekara alhali ba alama, ƙwararrun ƙasashe da suka haɗu suka fitar da matsaya a 2021 basu wajabta ba, sun ce babu isasshiyar hujja cewa hakan na tsawaita rai, a zauna da mai jikin a yanke tare. Ni ra'ayina ga Abba, in da hali ayi guda ɗaya yanzu a ajiye a matsayin madubi, nan gaba in wani abu ya taso akwai abin kwatantawa. In ba hali kada a ci bashi a kai.

TAMBAYA: Likita 'yata tayi ciwon nan mai kumbura muƙamuƙi tana shekara 7, fuskar ta koma gefe ɗaya haƙora duk suka yi girgiɗi, akai mata ruwan kansa zagaye shida ta warke, yau shekara 9 kenan. Ba a gasa ta ba. Itama tana cikin haɗarin? Malam daga Damagaram.

AMSA: Malam yadda ka siffanta, wannan kansar Burkitt ce, sunan likitan tiyatan da ya fara bayaninta a Yuganda a 1958, kuma tana cikin waɗanda muka fi gani a yaranmu dan tana bin inda zazzaɓin cizon sauro yayi katutu. Saurin girma gareta kamar me amma kuma tana jin magani, da kimo ake yinta ba a cika buƙatar gashi ba. Tunda ba a gasa mata kai ba haɗarin ƙarin ƙwaƙwalwa a wajenta ɗan ƙanƙani ne, tana cikin rukunin 3 cikin 1000 ɗin can da na faɗa wa Maman Abba ba rukunin 12 cikin 100 ba. Akwai wani bincike a Birtaniya a 2010 kan mutum kusan dubu 18 da ya ga alaƙa tsakanin yawan maganin mesotireksat da ake zubawa ta gadon baya da maninjiyoma, amma ba kowane bincike ne ya ga hakan ba, kuma ko kusa bai kai gashi ba. Abinda zan fi so ka bincika a takardarta shine ko an bata jan ruwan nan, doksorubisin, dan shi zuciya yake taɓawa daga baya, in an bata sai a duba zuciyarta musamman kafin ta ɗauki ciki nan gaba. Haka masu kansar ƙoda ta yara da ake gasa musu ciki, su ba kai ne abin dubawarsu ba, inda hasken ya bi nan ake sa ido.

TAMBAYA: Likita ni budurwa ce shekarata 26, an cire min ido ɗaya ina ƙarama saboda kansar ido, ɗayan kuma aka gasa shi ya tsira, da shi nake gani. Bikina saura wata huɗu. Wata biyu kenan ina fama da ciwon kai gefe ɗaya, sati biyu da suka wuce kuma na faɗi a kicin ban san inda kaina yake ba har na ciji harshe, gwaggona tace shafar aljanu ce ko sammu saboda auren, ana ta min ruƙiyya da hayaƙi. Shi wanda zan aura ya san idon roba ne amma bai san kansa bace. Ya zanyi? Ƙanwarku daga Gusau.

AMSA: Ƙanwata ki ajiye mujallar nan ki shirya zuwa asibiti cikin satin nan, ba bayan biki ba. Wadda aka taɓa gasa mata gefen kai, ga sabon ciwon kai, ga faɗuwa da cizon harshe karo na farko a shekara 26, wannan farfaɗiya ce kuma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, MRI da allurar da ke haska ƙari, a babban asibitin koyarwa inda akwai likitan ƙwaƙwalwa. Ban ce ƙari ne ba, gashi yana barin tabo ko wasu ƴan dunƙulen jijiyoyin jini da suma ke kawo farfaɗiya, kuma akwai dalilai da basu da alaƙa da gashin kwata kwata, amma ba wanda zai iya rabe miki su da ido. Addu'a ba wanda ya hana, ki cigaba da azkar ɗinki, gwaggo ma ta raka ki asibitin tana tofa miki a hanya. Hayaƙin dai a dakata. Kafin a duba ki kada ki tsaya gaban wuta ko tafasasshen mai ke kaɗai, kada ki leƙa rijiya, kada ki tuƙa mota, mun sha ganin ƙuna a masu farfaɗiya da ta fi ciwon kansa muni.

Sai maganar ango. Yawancin kansar yara ba gado bace, wajen ɗaya cikin goma ne ake samun ƙwayar gado a bayanta, amma kansar ido da ta kama ido biyu tana cikin wannan ɗayan. Duk cikin da zaki ɗauka akwai rabi da rabi yaron ya gaji ƙwayar, kuma ke kanki ita ke ƙara miki haɗarin wasu kansar, musamman ta ƙashi da tsoka a wajen da aka gasa. Wannan baya hana aure, abinda yake nufi shine duk jaririn da kika haifa likitan ido ya leƙa cikin idonsa tun satin farko kuma a cigaba da dubawa har ya kai shekara biyar ko fiye, in aka kama ta tana ƙarama ana ceton idon da ganin baki ɗaya. Toh ta yaya zaki riƙa kai jariri asibitin ido duk wata uban bai san dalili ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki samu wani babba a gidanku ku zauna dashi, in kina so ma ku je wajen likitan tare yaji daga bakinsa. Ƙarin abu ɗaya, in kin zo maganar tazarar haihuwa ki faɗi tarihinki kafin a miki allurar wata uku, wani bincike a Faransa a 2024 ya ga waɗanda suka daɗe a kanta sama da shekara sun fi samun maninjiyoma, ga sauran mata haɗarin kaɗan ne amma ke da aka gasa gara a zaɓa miki wata hanyar.

TAMBAYA: Likita an yiwa ɗana tiyata an cire ƙari a ƙeyarsa, shekararsa 6, sunce sunansa medulobilastoma kuma wai dole sai an gasa kan da gadon bayan gaba ɗaya. Yayana yace kar in yarda gashin shi ke kawo wata kansar, tunda an cire a barshi haka mu koma na gargajiya. Na rasa na kamawa. Baban Hanif, Kaduna.

AMSA: Baban Hanif wannan ita ce tambayar da na fi tsoro tun da na fara rubuta shafin yau, dan na san wani zai karanta amsar Maman Abba ya fasa kai ɗansa. Kada kayi gudun gara ka faɗa gidan zago. Wannan ƙarin ko likita ya cire duk abinda idonsa ya gani yana barin ƙwayoyi suna yawo a ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka, shi yasa ake gasa kai da baya duka, in ba ayi ba kusan tabbas zai dawo kuma ba da jimawa ba. In aka haɗa tiyata da gashi da kimo, a inda kayan aiki suka cika, wajen 7 zuwa 8 cikin 10 na yaran da ciwon bai bazu ba suna wuce shekara biyar da rai. Ka ɗora wannan a sikeli ɗaya, a ɗaya sikelin ka ɗora ƙarin da wataƙila ya zo bayan shekara 20, wataƙila bai zo ba, in ma ya zo galibi mai ciruwa ne. Yayanka ya ji gaskiya amma bai auna ta ba.

Likitoci ma ba son gashin suke ba, ƴan ƙasa da shekara 3 ana ƙoƙarin kauce musu shi dan ƙwaƙwalwarsu bata yi ƙwari ba, kuma na kai da baya da a da ake bada Gire 36 an rage shi zuwa wajen 23 ga masu sauƙin haɗari, sai a ƙara ƙarfi a ƙeyar kaɗai. Abinda zaka dage a kai shine lokaci, ana so a fara cikin wata ɗaya ko ɗan fiye bayan tiyata, kuma in an fara kada a yanke. Ka san halin da muke ciki, injinan gashin ƙasar nan ƴan kaɗan ne, ga layi, wani lokacin inji ya tsaya, dan haka tun yau ka tambayi likitansa ina ne yake aiki yanzu, Shika ne ko Abuja ko Sakkwato, a rubuta maka takardar turawa ka kama layi. Bayan an gama a riƙa auna tsayinsa da lura da karatunsa, gashi na iya rage girma da saurin ɗaukar darasi, malamansa su sani dan kar a ɗauka wasa yake a riƙa dukansa.

TAMBAYA: Yarona ya faɗo daga kan mashin akai masa hoton CT na kai, lafiyarsa ƙalau yanzu, amma naji ance shima hasken na kawo kansa. Maman Ilham, Kumasi.

AMSA: Eh hoton CT haske ne irin na esre amma tsakaninsa da gashin kansa kamar cokali ne da randa. Binciken Birtaniya na 2012 da wani babba na ƙasashen Turai da ya biyo baya kusan abu ɗaya suka faɗa, a cikin yara 10,000 da aka yiwa CT na kai sau ɗaya ana iya samun ƙarin mutum ɗaya da zai yi ƙari a ƙwaƙwalwa saboda hoton a shekarun da suka biyo baya. Yaron da ya faɗo daga mashin ana tsoron jini ya taru masa a kai, wannan cikin awanni yake kisa, dan haka daidai akayi. Abinda bana so shine uwa ta matsa a maimaita hoton duk sanda yaro yace kansa na ciwo. MRI shi ba ruwansa da wannan hasken, da maganaɗisu yake aiki, sai dai tsada da kuma yaro sai ya kwanta shiru wajen rabin awa, ƙanana sai an sa su bacci. Ki adana faifan hoton da takardar sakamakon, in wani asibitin ya nemi a sake ki nuna musu na farko tukuna.